Mazaunin tukunyar fulawa da na yanka da injin CNC ya ƙi zama daidai, ina matsalar take?

SabonHannu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ku zo ku fitar da ni daga duhu don ni kam kaina ya ɗaure tamau.

Wata uku kenan da na haɗa ɗan ƙaramin injina irin na kan teburin nan, filin yankansa santimita 60 ne da 90, kuma duk abin da nake yi da shi bai wuce rubuta suna a jikin katako ba, to sai uwargida ta ce tunda na cika mata gida da ƙara ai sai in yi mata abin da za ta mora, mazaunin da za ta ɗora tukunyar fulawarta. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na zana guda biyu masu siffar harafin H, tsayi santimita 45, kowanne da tsaga a tsakiyar sandar da ta gitta, ɗaya tsagarsa ta kalli sama ɗayan ta kalli ƙasa, yadda in ka soka su a juna za su ba da ƙafa huɗu tukunya ta zauna a tsakiya. Filawud mai kauri 18mm na sa, tsagar ma na zana ta 18mm cif, bakin yanka kuma mai 6mm ne mai haƙori biyu.

To ga abin da ya faru. Na farko da na haɗa su sai na ji suna sako-sako, in ka taɓa sai ya girgiza gefe da gefe, amma kuma abin mamaki ya ƙi shiga har ƙasa, na sama ya tsaya saura kamar 2mm, ƙafafunsa biyu suna reto ba su taɓa ƙasa ba. Ya za a yi abu ya yi yawa kuma ya ƙi shiga lokaci guda? Na buga da guduma har fatar filawud ɗin ta tsage. Bayan haka gefen yankan duk ya ƙone ya yi baƙi yana warin hayaƙi, saman kuma ya yi gashi-gashi kamar ɓera ya gwaguya. Sannan a zagayen ƙarshe na guda na biyu katakon ya kuɓuce ya yi tsalle, bakin ya cafke shi, ji kake ƙas, ya karye.

Gudun juyawa na sa 24000 a minti, tafiya kuma 600mm a minti don ina tsoron kar in matsa wa injin. Shin injin ne ba shi da saiti ko ni ne? In injin ne gara in sani tun yanzu.

Mai_Lissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, injinka lafiyarsa ƙalau, abin da ka zana masa shi ya yanka maka, bai ƙara ba bai rage ba. Duk wanda ya taɓa yanka tsaga a CNC ya sha wannan kashin, ni sai da na lalata rabin allo kafin na gane.

Bari in fara da abin da ya ɗaure maka kai, don matsala biyu ce daban suka haɗu a wuri ɗaya. Filawud ɗin da ake ce wa 18mm da wuya ka same shi 18 daidai, suna ne kawai, in ka sa kalifa, wato ma'aunin kauri, ka auna za ka ga 17 da ɗoriya, wani lokacin ma allo guda wannan gefen da wancan gefen ba su zo ɗaya ba. Kai kuma ka zana tsaga 18, kenan ka bar rata, shi ne girgizar da kake ji. Je ka auna wuri huɗu ko biyar kusa da inda tsagar za ta faɗa ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani. Kuma ka auna bakin yankan shi ma, don akwai mai 6mm akwai mai kwatan inci wanda shi 6.35mm ne, da ido ba za ka bambanta su ba, in ka gaya wa manhaja 6 alhali 6.35 ne a jikin injin to kowace tsaga za ta ƙara faɗi da 0.35 ba tare da ka sani ba.

Ƙin shigar kuma daga siffar bakin ne. Bakin zagayayye ne, yana juyawa, ba yadda za a yi abu zagayayye ya fitar da lungu mai kusurwa tsaf daga ciki. Ɗauki tocila ka haska gindin tsagar, za ka ga lungunan nan biyu a lanƙwashe suke, lanƙwasar rabin kaurin bakin ce wato 3mm. Ɗayan katakon kuma gefensa mai kaifi ne, yana saukowa sai ya hau kan lanƙwasar nan ya tsaya, ko ka kwana kana dukansa ba zai wuce ba sai dai ya fashe, kamar yadda naka ya yi. Da a ce tsagar ta matse ma da ratar ta fi haka, yawan da ta yi ne ya sa ya ɗan ƙara nutsewa.

Maganinsa shi ne a zane ka ƙara ɗan ƙaramin da'ira a kowane lungu na ciki, yadda bakin zai ɗan kutsa ya cinye lanƙwasar. Masu harkar suna ce masa ƙashin kare saboda in ka kalli tsagar bayan an yi haka take kama. Manhajar VCarve tana da wurin yin sa kai tsaye, danna lungun kawai za ka yi, in kuma Inkscape ko FreeCAD kake zane kana iya zana da'irar da hannunka, ka dai sa ta ɗan fi bakin girma kaɗan, kamar 6.2, in ba haka ba manhajar za ta ga bakin ba zai shiga ba ta tsallake wurin.

Sai ƙonewa. Nan tsoron da ka ji ne ya cuce ka. Lissafin ba wuya, ka raba tafiya da juyawa sau yawan haƙori. Naka 600 a raba da 24000 sau haƙori biyu, wato 48000, kowane haƙori yana ɗiban 0.0125mm kenan, wannan ai ba yanka ba ne guga ce, bakin yana ta shafar katako a wuri ɗaya yana zafi. Zafin yanka ɓarɓashin katako ne yake tafiya da shi, in ba ɓarɓashi sai gari mai laushi to zafin a jikin baki da katako yake zama. Sauke juyawar zuwa 18000 ka ɗaga tafiya zuwa 1800, zai ba ka 0.05, sannan zurfi kar ya wuce 3mm a kowane zagaye tunda injin ƙarami ne, zagaye shida ka huda allon. In ka ji yana kuka ko yana rawa ka rage zurfin, kar ka rage tafiyar. Ka riƙa kallon abin da yake fitowa, in ka damƙa a hannu ka ji tsakuwa-tsakuwa to kana kan hanya.

Tsallen da katakon ya yi kuwa ba ka bar masa 'yan gadoji ba ne. Ana barin ɗan wuri wuri da ba a yanke har ƙasa ba, faɗin kamar 8mm kauri 2 zuwa 3, guda biyar ko shida a zagayen kowane H, su riƙe shi a jikin uwar allon har a gama sai ka yanke su da hannu ka goge. Kuma a jerin aiki ka fara da tsaga da duk wani abu na ciki, yankan waje ya zo ƙarshe.

Baba Kafinta ya rubuta:

Yaro sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri kan bakin da ya karye. Mai_Lissafi ya yi bayani mai kyau, amma ni ƙashin karen nan ban yarda da shi a kayan ɗaki ba. Abu ne da za a ajiye a falo baƙi su kalla, sai ka bar masa 'yan ramuka a mahaɗa kamar gara ta ci? Lungu huɗu ne fa kacal a aikin nan naka. Ɗauki cizal mai kaifi ka gyara su, minti biyar bai cika ba ka gama, mahaɗa ta fito a rufe ba a ganin komai. Mu da muka fara da zarto da cizal kafin injin nan ya zo hannunmu ba ma ganin abin kunya ne inji ya yi kashi casa'in hannu ya ƙarasa. In guda hamsin za ka yi to wannan wata magana ce, sai a bar wa inji.

Abin da na shigo in faɗa ma ba wannan ba ne. Na san halin masu sabon inji, gobe za ka ce filawud bai yi kyau ba bari ka samo falankin katako na gaske ka yanka H ɗin nan a jikinsa. Kar ka soma. Filawud yana jure wannan siffar ne don falle-falle aka manne shi, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta ɗan'uwansa, ko ta ina ka yanka yana da ƙarfi. Katako na gaske jijiyarsa hanya ɗaya ta bi, in ta bi tsayin ƙafafu to sandar tsakiya ta zama gajeruwar jijiya, kuma a nan ne ka yi tsaga ka cire rabinta, kuma a nan ne nauyin tukunya zai sauka. Da hannu ma sai ka ɓalle ta. In katako na gaske kake so sai ka yanka ƙafafu huɗu daban, sanduna biyu daban, kowanne jijiya ta bi tsayinsa, sannan ka haɗa da rami da harshe ka sa gam. Ramin zai fito da lungu a zagaye kamar yadda aka faɗa maka, sai kawai ka zagaye gefen harshen shi ma da fayil ya shige, ba wanda zai gani don duk a ciki yake.

Kuma katako na gaske yana numfashi, in iska ta yi laima ya kumbura ta faɗinsa, in ta bushe ya tsuke, saboda haka ka bar shi ya kwana biyu a ɗakin da za ka yi aikin kafin ka auna.

Mai_Lissafi ya rubuta:

Baba na karɓi gyara, cizal ɗin ya fi tsafta, ni ragwanci ne ya sa na saba da na injin hhh. Sai dai akwai tsaka-tsaki, in aka tura ramin cikin bangon tsagar ta gefe ko ta gindi maimakon ta kusurwa wani lokacin ɗayan katakon yana rufe mafi yawansa, ko kuma a sake bin lungun da ƙaramin baki mai 3mm ramin ya zama ɗan mitsitsi.

Na manta ban taɓo gashi-gashin saman ba. Ɗan'uwa duba murɗin bakinka, na tabbata irin mai jan ɓarɓashi sama ne, shi yana share rami da kyau amma yana ɗaga fatar filawud ta sama yana tsaga ta. Akwai mai tura wa ƙasa, shi saman yake bari sumul amma yana danna gari cikin ramin, in ka nutsa shi tsaye a wuri ɗaya garin yana iya kamawa da wuta, don haka a sa shi ya shiga a karkace yana tafiya yana nutsewa. Akwai na uku da ya haɗa biyun, ƙasansa yana ja sama samansa yana tura ƙasa, shi ne na filawud na ainihi amma sai zagayen farko ya nutse ya wuce sashen ƙasan nan kafin ya yi amfani, ƙaramin inji ba kasafai yake iya ɗaukar wannan zurfin ba. Abin da nake yi ni, zagayen farko da mai turawa ƙasa, in canza baki in sake saita sifirin tsayi, wato inda inji zai fara ƙirga zurfi, sauran in ƙarasa da mai ja sama. Ɓata lokaci ne kaɗan amma sanfefa ba ta cin ranka daga baya.

Kuma dan Allah kafin ka sake taɓa babban allo ka ɗauki guntun da ya rage daga wannan allon dai, ka yanka tsaga biyar a jere kamar matsefi, kowace ta fi ta baya da 0.1mm, ka rubuta lambar kowace da fensir a gefenta, ka gwada soka katakon. Wadda ta shiga da matsin tafin hannu ba guduma, kuma ka ɗaga ba ta zame ba, lambarta za ka sa a zane.

Uwar Fulawa ta rubuta:

Ni dai ban san komai a harkar inji ba, maigida ne mai yi, amma tukwane na fi shekara goma ina fama da su kuma mazauni uku ya yi min kafin aka samu wanda ya zauna, to bari in faɗa muku abin da ku maza ba kwa tunawa sai an gama.

Ruwa. Ku kuna auna tukunya a bushe ku ce shi kenan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga ƙasa ga ita kanta tukunyar in ta yumɓu ce ko siminti, ranar da aka yi ban ruwa nauyin ba ɗaya ba ne da na jiya. Kuma duk taka-tsantsan ɗin mutum sai ruwa ya ɗiga ta ƙasan tukunya, kuma ina yake sauka? Daidai kan mahaɗar nan da kuke ta lissafi a kanta. Na farko da aka yi min da MDF ne, allon nan na garin katako da aka matse, wai don yana yankuwa sumul, ko wata biyu bai yi ba gindin ƙafafun ya kumbura ya yi kamar soso yana marmashewa, don in ana goge ɗaki ruwa yana taɓa shi. Filawud ya fi shi amma shi ma gefensa da aka yanka shan ruwa yake, fallayen su fara rabuwa. Don haka malam ka shafa banish sau uku, gefen da gindin ƙafa ka fi ba su, ka bari kowane shafi ya bushe ka ɗan goge kafin na gaba, sannan ka manna 'yar roba a ƙasan kowace ƙafa ta ɗaga shi daga ƙasa.

Sannan ka auna da farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunya, ba tukunyar kaɗai ba. Na biyun da aka yi min tukunya ta shiga ɗas amma faranti ya ƙi, sai ya koma abin ɗora fitila. Tukunya kuma sama ta fi ƙasa faɗi, ka auna ta a daidai inda kan ƙafafun za su tsaya ka ƙara ko santimita ɗaya, mai ɗagawa ta samu wurin sa yatsa.

Na ƙarshe, santimita 45 da ƙafafu a miƙe sambal, in shukar mai tsayi ce nauyin duk yana sama, yaro ko mage suka goga sai dai ka ji tim. Tunda injin naku ba ruwansa da miƙaƙƙe ko karkatacce, ka ɗan buɗa ƙafafun ta ƙasa mana su fi sama faɗi.

Baba Kafinta ya rubuta:

Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara kan banish ɗin, kar ka shafa shi cikin tsagar kafin ka haɗa, shafi uku yana da kauri, tsagar da ka sha wahala ka saita sai ta ƙi shiga, gam ma ba ya kama wurin da aka shafe. Rufe wurin da tef, ka haɗa, sannan ka bi mahaɗar da burushi ta waje. In kuma man linsid ka zaɓa maimakon banish to tsumman da ka shafa da shi kar ka dunƙule ka jefa a kwandon shara, yana yin zafi da kansa har ya kama da wuta, shanya shi a buɗe a waje ko ka tsoma a ruwa. Kuma ka sa takunkumi da tabarau in inji yana aiki, kar ka tafi ka bar shi shi kaɗai ko na minti biyu ne, ka ga dai yadda bakin nan ya yi tsalle.

SabonHannu ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara sani. Na dawo da rahoto.

Na aro kalifa na auna, filawud ɗin 17.4 ne, wani wurin 17.5, kunya kamar in nutse don har na fara zargin injin ina shirin kwance shi. Bakin dai 6mm ne da gaske, nan ban yi laifi ba. Na haska tocila kuwa ga lanƙwasar nan ɓaro-ɓaro har da shatar inda ɗayan katakon ya danne ta ya yi ƙyalli. Na yi matsefin gwajin daga 17.3 zuwa 17.7, ta 17.4 sai da duka, ta 17.6 ta shiga da tafin hannu ta tsaya cak, ita na ɗauka.

Da na sa tafiya 1800 gaskiya gabana ya faɗi, hannuna yana kan maɓallin tsayarwa har aka gama zagayen farko, amma sai na ji ƙarar ma ta fi daɗi, kukan nan mai tsinin da yake yi ya daina, gefen ya fito fari tas ba ƙuna. Na bar gadoji shida shida, ko motsi bai yi ba. Lungunan kuma Baba hanyarka na bi, da cizal, sai dai na farkon hannuna ya zarce na ɗan ɓantare fatar baya don ban sa wani katako a ƙarƙashi ba, na ɓoye wurin ta ciki. Hajiya na buɗa ƙafafun ta ƙasa da santimita uku kowane gefe kuma na auna da farantin, da ba ki faɗa ba wallahi da an maimaita labarin fitila.

Yanzu shafi na biyu yake bushewa. Saura abu ɗaya, na gwada shi a kan teburin inji ƙafa huɗun duk sun taɓa, amma da na kai shi lungun da za a ajiye sai ya ɗan yi ɗingishi, na juya shi ya daina, na mayar ya dawo. In rage ƙafa ɗaya ne ko yaya?

Baba Kafinta ya rubuta:

A'a kar ka taɓa ƙafar, daɓen ne ba daidai ba, in ka rage yau gobe aka matsar da shi wani wuri ka shiga uku. Ƙara kaurin robar a ƙafar da take reto kawai. Na gaba in za ka yi gwada mai ƙafa uku, shi ko a kan dutse ka ajiye ba ya ɗingishi, sai dai mahaɗarsa ba tsaga biyu ba ce, faifai za ka yanka a tsakiya mai gurbi uku ƙafafun su shiga. Ka sa mana hoto in ya bushe mu ga wurin da ka ce ka ɓoye.